Horon aiki a asibiti ga ma'aikacin fayilolin marasa lafiya: jagora daga Makka

Duk shekara idan ɗaliban da suka karanci sarrafa bayanan lafiya suka iso sashenmu, tambayarsu ta farko ita ce yaushe za a fara koya musu tarmiz, wato sanya wa cututtuka lamba, domin a can suka ji ake samun albashi mai kauri. Ni kuwa taga nake fara kai su, inda ake buɗe wa majinyaci fayil, in ajiye musu kujera a bayan ma'aikacin da ke wurin in ce su yi mako biyu suna kallo. Wasu har ransu yakan ɓaci. Amma a shekarun da na yi ina wannan aiki a Makka, mafi munin ɓarnar da na gani a fayil daga tagar nan ta faro: an rubuta jinyar wani a kan sunan wani.

Na rubuta wannan ne saboda ƙannenmu Hausawa na Makka da Jidda da Madina, waɗanda aka haifa a nan da waɗanda karatu ya kawo, da ke shirin shiga asibiti horo. Zan bi matakan yadda nake bi da ɗaliban da ake turo mini.

Kafin ka taka ƙofar asibiti

Mai difloma yakan yi horo na 'yan watanni a ƙarshen karatunsa, mai digiri kuma shekarar imtiyaz yake yi, wato shekara guda ta horon aiki bayan karatu. Ko wanne ne kai, takardar da kwalejinka za ta rubuta wa ofishin horo na asibitin ita ce mabuɗi, kuma kada ka jira sai ana saura mako ka je bibiyarta, guraben ba su da yawa. Za a nemi shaidar rigakafi, musamman na ciwon hanta nau'in B da na mura, a Makka kuwa har da na sanƙarau mai nau'i huɗu, wanda ya zama dole ga mahajjata bayan ɓarkewar cutar a Hajjin 2000 da 2001. Yawancin asibitoci za su sa ka yi ɗan kwas ɗin kariya daga kamuwa da cuta, wanda ake kira BICSL, inda za a gwada takunkumin N95 a fuskarka, a kuma ga yadda kake tsabtace hannu: daƙiƙa 20 zuwa 30 da sinadarin gogawa, 40 zuwa 60 da ruwa da sabulu. Kada ka ce ai kai takarda za ka riƙa taɓawa. Fayil yana kwana a gefen gadon mai tari, da safe ya zo hannunka.

Ka buɗe asusu a Mumaris Plus, dandalin Hukumar Ƙwarewar Ayyukan Lafiya ta Saudiyya da aka kafa a 1992, domin ita ce za ta tantance ka ta yi maka rajista bayan ka gama. Idan iƙama, katin zaman baƙo, kake riƙe da ita ba katin ɗan ƙasa ba, ka bincika tun yanzu ko ana ɗaukar baƙo a irin gurbin da kake hari, saboda dokokin fifita 'yan ƙasa a ayyukan lafiya suna sauyawa.

Sai Turanci. Da Larabci za ka yi magana da majinyaci, amma likita da Turanci yake rubuta fayil, da sunayen cututtuka masu tushen Latin da Girkanci. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu da zai shiga aljihu. Duk kalmar da ta shige maka duhu ka rubuta, da dare ka nemo ma'anarta.

Makon farko

Ranar Lahadi, farkon makon aiki, mushrif, wato mai kula da horonka, zai zagaya da kai. Ka roƙe shi kundin manufofin sashen ka zauna ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe, ko da ka ga tsofaffin ma'aikata ba sa waiwayarsa. An gina shi ne a kan ƙa'idojin CBAHI, hukumar da aka kafa a 2005 don tantance ingancin asibitoci, kuma a cikinsa za ka ga wa ke da izinin rubutu a fayil, waɗanne gajerun kalmomi aka yarda da su, shekara nawa ake ajiye fayil kafin a raba shi da kanta. Daga nan ka ɗauki fayil guda na wanda aka sallama, ka bi shi shafi-shafi har ka haddace jerinsa: bayanan mutum, takardun amincewa, tarihin ciwo da gwajin likita, umarnin likita, bayanan kullum, na nas-nas, jadawalin magani, sakamakon gwaje-gwaje, rahoton tiyata in an yi, sai taƙaitaccen bayanin sallama. A kwamfuta ma jerin nan ne, shafukan kawai suka koma maɓallai.

Za a ba ka sunan shiga da kalmar sirri naka na kanka. Idan ba su fito da wuri ba, wani ma'aikaci mai kirki zai ce ka yi amfani da nasa kafin nan. Ka yi masa godiya ka ƙi. Na'urar tana rubuta wanda ya buɗe kowane fayil, da ranar da sa'ar, kuma duk abin da aka yi da sunan mutum shi za a tambaya.

Taga, inda komai ke farawa

Ƙa'idar guda ce: mutum ɗaya, lambar fayil ɗaya, har iyakar rayuwarsa. Hanya biyu ake karya ta. Ko dai a buɗe wa mutum sabon fayil alhali yana da tsoho, tarihinsa ya rabu gida biyu, likita ya duba ɗaya bai ga cewa jikinsa ba ya karɓar penisilin ba. Ko kuma a zuba bayanan mutum biyu a fayil ɗaya, wannan kuwa ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Don haka kafin ka danna maɓallin sabon fayil, ka yi bincike, kuma da lamba za ka fara. Lambar katin ɗan ƙasa goma ce, tana farawa da 1. Ta iƙama ma goma ce, tana farawa da 2. Mai ziyara da mai Umara da mahajjaci suna da lambar fasfo da lambar iyaka da aka ba su ranar shigowa. Ka karɓi katin a hannunka ka karanta da idonka, kada ka ce a karanto maka ta bayan gilashi. Idan lamba ba ta fito da komai ba, ka gwada lambar waya, sannan suna, a rubuce da Larabci da kuma boko. Wanda ya zo da fasfo bara yana iya dawowa da iƙama bana, shi ne dai mutumin.

Kada ka ce wa majinyaci "Kai ne wane?" Tsoho mai nauyin ji ko mai jin zafi zai gyaɗa kai ga kowane suna. Cewa za ka yi, "Baba, faɗa mini cikakken sunanka," ka saurara, sannan ka haɗa da lambar da ke kati. Abu biyu ake tabbatar da mutum da su a kowane mataki, kuma lambar ɗaki ko ta gado ba ta cikinsu.

A nan ne kunnenka na Bahaushe yake da daraja. Tsarin nan suna huɗu ya sani: naka, na uba, na kaka, na dangi. Fasfon Najeriya kuwa sau da yawa suna biyu ko uku ne, kuma abin da aka sa a gurbin sunan dangi sunan uba ne ko na gari. Fasfon Nijar da rubutun Faransanci yake zuwa, Mahamadou da Haoua da Ousmane, alhali mai shi zai ce maka Mamman ko Hauwa ko Usman. Abokin aikinka Balarabe ko ɗan Filifin ba zai taɓa sanin cewa Garba shi ne Abubakar ba, ko Shehu Usman ne, Audu Abdullahi, Binta Fatima. Kai ka sani. Wannan sanin ka yi amfani da shi wajen nemo tsohon fayil da gane mutum, amma a gurbin suna abin da ke jikin takarda za ka kwafa harafi da harafi, ko da ka ga an rubuta shi a karkace. Sunan da ake kiransa da shi a gida yana da nasa gurbin, ko ka sa shi a wurin ƙarin bayani. Alhaji da Hajiya da Malam ba sa shiga gurbin suna.

Sai kwanan wata. Katunan mutane da yawa da Hijiriyya suke, na'urar asibiti kuma tana iya neman Miladiyya. Kada ka yi lissafin da ka, ka bar na'urar ta juya bisa kalandar Ummul Ƙura, wadda hukumomin Saudiyya ke bi. Shekarar Hijiriyya ta gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, shi ya sa mai shekara 66 a Hijiriyya yake da 64 a Miladiyya. Ka kuma lura da 03/04: wasu ma'aikatan da suka zo daga waje wata suke fara rubutawa kafin rana. Babban tarkon kuwa shi ne 1 ga Rajab. Mutanen da ba a san ranar haihuwarsu ba, a nan ƙasar 1/7 ake rubuta musu, kuma iyayenmu da kakanninmu da yawa haka katinsu yake. Ranar haihuwa ita kaɗai ba ta raba tsoho da tsoho a Makka.

A shekarata ta farko na faɗa wannan ramin. Wata Alhamis da yamma, layi ya kai ƙofa, wani dattijo ya zo da ɗansa, sun manto iƙama a gida. Na buga sunansa da shekarar haihuwa, fayil ya fito, suna uku duk sun dace, 1/7 ta dace, na buga masa iswara, abin hannu mai ɗauke da suna da lambar fayil, aka ɗaura masa a hannu. Bayan an ba shi gado nas ta duba jerin magungunansa ta tambaye shi, ɗansa yana fassarawa, ko ya yi allurar sugarsa da safe. Ya ce, "Wace allura, 'yata? Ni ban taɓa ciwon suga ba." Fayil ɗin wani dattijo ne daban, mai shan insulin, unguwarsu ma ba ɗaya ba. Allah ya kiyaye ba a ba shi komai ba. Kwana uku muka yi da shugabar sashe muna tsince bayanan wannan daga na wancan, sakamakon jini ɗaya bayan ɗaya, muka cike rahoton aukuwar kuskure. Ba ta ɗaga mini murya ba. Ta dai sa ni na je na tsaya a gaban gadonsa na ga mutumin da na kusa cutarwa, kuma har yau ina tuna yadda ya ce mini, "Ba komai, yarona, Allah ya tsare gaba." Tun daga ranar, wanda bai zo da kati ba nakan nemi ya nuna mini na cikin wayarsa ta manhajar gwamnati ta Absher, in babu in buɗe masa fayil na wucin gadi a haɗa daga baya. Kama da wane ba wane ba ne.

Idan ka gano mutum yana da fayil biyu, kada ka haɗe su da kanka. Ka cike takardar neman haɗewa ka miƙa wa wanda aka ɗora wa alhakin, domin haɗewa in ta tafi ba daidai ba warware ta aiki ne ja. Jarirai ma a kula: ana yi musu rajista da sunan uwa kafin a raɗa suna, tagwaye kuma kowanne da lambarsa da iswararsa tun daga ɗakin haihuwa.

Ɗawari da lokacin Hajji

Ka nemi a ba ka aƙalla mako guda a ɗawari, sashen gaggawa, har da aikin dare. A can ba a jiran takarda kafin a ceci rai. Wanda aka kawo a sume ba kowa tare da shi, majhul ake rubuta masa, wato wanda ba a san ko wane ne ba, a ba shi lamba ta wucin gadi, a sa jinsi da ƙiyasin shekaru da lokacin isowa da inda motar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar ta ɗauko shi. Duk abin da aka samu a jikinsa, katin Nusuk na shaidar mahajjaci ne ko abin hannun kamfanin jigilarsa ko katin otal, a rubuta a adana.

Idan horonka ya faɗo a Zulhijja, ka roƙi a sa ka cikin masu aikin mausim, wato lokacin Hajji, ko a cikin gari ko a asibitocin Mina da Arafat. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukumomi suka sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, kuma rashin takarda a jikin da yawansu ya jinkirta gane su. A irin wannan rana lambar tanti ko sunan jihar da ka tsaya ka tambayi mahajjaci kafin ya galabaita shi ne zaren da 'yan'uwansa za su bi su same shi.

Za a riƙa kiranka fassara, wannan ba makawa. Ka taimaka, amma abin da majinyaci ya faɗa shi za ka mayar, ba abin da kake zaton yana nufi ba. Idan Hajiya ta ce tana da ciwon shawara, ko ciwon sanyi, ko basir, kada ka ba likita sunan cuta. Ka tambaye ta, "Inna, yaya kike ji a jikinki?", ka faɗi alamomin yadda ta faɗe su. Takardar amincewa da tiyata kuwa tana da tsarinta na tafinta a kowane asibiti, ka bi shi, kuma in kai ka fassara a rubuta sunanka.

A ɗawari ne kuma za ka koyi aiki ranar da na'ura ta tsaya. Akwai takardun da aka tanada don haka. Ka san inda suke tun kafin ranar, ka san wanda zai shigar da su in na'ura ta dawo.

Ɗakin ajiya

Asibitoci da yawa sun koma kwamfuta, amma arshif, ɗakin ajiyar fayilolin takarda, bai mutu ba. Inda ake jera fayil da lambobin ƙarshe, daga dama ake karantawa: fayil mai lamba 24-58-17 yana sashe na 17, kanta ta 58, shi ne na 24. An yi haka ne don sababbin fayiloli su bazu ko'ina maimakon su cunkushe a lungu ɗaya. Duk fayil ɗin da ya fita, a bar kati a gurbinsa mai nuna wanda ya ɗauka da inda aka kai shi. Wajen ɗaukar hoton takardu zuwa na'ura, ka tabbata kowane shafi yana ɗauke da suna da lamba, gaba da baya, ka ƙirga shafukan kafin da bayan ɗauka. Mako guda ya isa a nan.

Bin fayil a ɗakin kwanciya

Wannan shi ne ɓangaren da ɗalibai ke tsoro, domin a nan za ka tunkari likitoci. Kowace safiya za ka karɓi jerin waɗanda aka sallama jiya, ka bi fayilolinsu kana neman giɓi. An rubuta tarihin ciwo da gwajin farko cikin sa'a 24 da ba da gado? Kowane rubutu yana da rana da lokaci da sa hannu da hatimin mai shi? Umarnin da aka bayar ta waya, likita ya dawo ya sa masa hannu? In an yi tiyata, akwai amincewar majinyaci da aka sa wa hannu kafin a shiga, da rahoton mai tiyata, da na mai sa barci, da sakamakon naman da aka tura ɗakin gwaji? Bayanin sallama ya faɗi cutar da aka tabbatar, da magungunan da zai tafi da su, da ranar dawowa? Yawancin asibitoci kwana 30 suke bayarwa bayan sallama a kammala fayil, wanda ya wuce haka ya shiga jerin makararru.

Ka sa ido kan gajerun rubutun da aka hana. Harafin U a madadin ma'aunin insulin yana iya zama sifili a idon mai sauri, 4 ta koma 40. Haka 5.0 in ɗigon bai fito ba ta zama 50, .5 kuma ta zama 5, shi ya sa ake rubuta 5 kawai, da 0.5.

Kai ba ka gyara rubutun likita, ba ka cike masa gurbi, ko da ka san amsar. Alama za ka sa ka tura masa. Gyaran kuskure a takarda layi ɗaya ne a kan kalmar yadda za a iya karanta ta, mai rubutun ya sa daidai a gefe da rana da sa hannunsa. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa, ba a yage shafi. Abin da aka manta aka zo rubutawa daga baya, da kwanan ranar da ake rubutun za a sa shi, a nuna cewa ƙari ne. Wata rana wani zai ce ka bar masa fayil ya sa kwanan jiya. Ka ce masa cikin ladabi, "Daktur, ba ni da ikon haka," ka sanar da mushrif.

Dabarar samun sa hannu kuwa lokaci ne. Kada ka tare likita yana tsakiyar zagaye. Ka jira ya zauna rubutu a teburin nas-nas, ka zo masa da fayilolin a buɗe a daidai shafin. Ka kuma yi mutunci da shugabar nas-nas, ita ta san wanda zai tafi hutu jibi.

Tarmiz

Yanzu ne ka isa inda kake ɗoki. Saudiyya tana amfani da ICD-10-AM, gyaran da Ostareliya ta yi wa kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da ACHI na ayyukan tiyata da makamantansu, da kundin ƙa'idoji na ACS. Da waɗannan lambobin ake tura buƙatar biya ga kamfanonin inshora ta dandalin NPHIES, da su kuma ake sanin cututtukan da ke damun jama'a.

Ka karanta fayil gaba ɗaya kafin ka taɓa littafin lambobi. Babbar cuta ita ce wadda bincike ya tabbatar ita ta jawo kwanciyar, ba lallai wadda aka zata a ƙofa ba. Misali, an kawo dattijo daga Jamarat a ruɗe, likitan ɗawari ya yi zaton shanyewar ɓarin jiki, hoton ƙwaƙwalwa bai nuna komai ba, aka sallame shi da bugun zafin rana. Babbar lambarsa T67.0 ce, a bi ta da X30 mai nuna tsananin zafin yanayi ne sanadi, da lambar wurin da abin ya faru da ta abin da yake yi a lokacin. In yana da ciwon suga nau'i na 2, lambarsa daga rukunin E11 za ta biyo baya. Kullum daga fihirisar haruffa ake farawa, sannan a je jerin lambobi a tabbatar, a karanta abin da lambar ta ƙunsa da abin da ta ware. Wanda ya haddace lamba ya daina dubawa shi ne ke yawan kuskure. A tiyata ma hanyar da aka bi tana sauya lamba: cire afendiks ta yanka 30571-00 ne, ta na'urar leƙa ciki 30572-00.

Sakamakon gwaji ba cuta ba ne. Ko ka ga jini ya yi ƙasa ƙwarai, in likita bai rubuta ƙarancin jini ba, ba ka da ikon sa masa lamba. Tambaya za ka rubuta masa, kuma kada ka sa masa amsa a baki: ka nuna sakamakon da maganin da aka bayar, ka ce wace cuta ake yi wa magani. Idan wani ya matsa maka ka zaɓi lamba mai kawo kuɗi da yawa alhali fayil bai goyi bayanta ba, wannan ha'inci ne, kuma sunanka ne a jiki. A watan farko ka riƙa yin fayil biyar a rana, ƙwararre ya sake yin su ba tare da ya ga naka ba, ku zauna ku gwama. Ban san wata hanyar koyo da ta kai wannan ba.

Ƙididdiga

Da sha biyun dare ake ƙirga masu kwance. Ranar shiga tana cikin lissafi, ranar fita ba ta ciki: wanda ya kwanta Lahadi aka sallame shi Alhamis kwana 4 ya yi, wanda ya shiga ya fita a rana ɗaya a ba shi 1. Ɗaki mai gado 30 a wata mai kwana 30 yana da kwanan gado 900, in majinyata sun cike 720, cikarsa kashi 80 cikin ɗari ke nan. Ka yi irin wannan da hannu sau biyu ko uku kafin ka dogara da abin da na'ura ta fitar. Ka kuma san cututtukan da ake kai rahotonsu nan take ta tsarin HESN, irin su sanƙarau da cutar numfashi ta MERS da aka fara ganowa a Jidda a 2012, ka san wa ake kira a sashen kariya daga cututtuka.

Sirri, musamman a tsakaninmu

Wannan ya fi yi mana nauyi fiye da sauran abokan aiki, saboda mu al'umma ce da kowa ya san kowa. Daga Shara Mansur zuwa Hindawiyya zuwa Rusaifa, da wuya ka yi mako ba ka ga sunan da ka sani a allonka ba: maƙwabciya, surukin yayanka, yarinyar da ake shirin bikinta. Fayil ɗin da aikinka bai kai ka gare shi ba kada ka buɗe, ko na mahaifiyarka ne, ko naka ne. Naka ka duba a manhajar lafiya ta Sehhaty kamar kowa.

Za a same ka a wurin ɗaurin aure ko bayan sallar Isha a ce, "Ɗan'uwa, ai a wurinku wance take kwance, me ke damunta?" Wani ma da kyakkyawar niyya yake tambaya, yana son zuwa dubiya. Amsar da na saba bayarwa ita ce, "Kawu, ka yi haƙuri, aikinmu an ɗaure mana baki, Allah dai ya ba ta lafiya." Ko cewa ka gan ta a asibiti kada ka yi. Na san auren da maganar gwajin sikila ta fita daga bakin da bai kamata ba ta wargaza, aka bar iyalai biyu da gaba. Magana zarar bunu ce.

Doka ma ba ta wasa. Dokar kare bayanan mutum da aka fitar a 2021, ta fara aiki a Satumbar 2023, ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, kuma wanda ya fallasa su don cutarwa ko don amfanin kansa yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tarar da ta kai riyal miliyan 3, ko duka biyun. Kada ka ɗauki hoton allo da wayarka, kada ka tura sakamako ta WhatsApp ko da likita ne ya nema, ka kulle kwamfuta duk lokacin da ka tashi ko ruwa za ka sha. Takardar da ta lalace mai ɗauke da suna injin yayyagawa za ta shiga.

Mai neman rahoton jinya a taga, ka ga katinsa, ya cike takardar buƙata. Baligi, namiji ko mace, shi ke da ikon bayanansa. Wanda ya zo a madadinsa, miji ne ko ɗa ko wa, sai da izini a rubuce ko wakala, kotu da 'yan sanda kuma da wasiƙar hukuma ta hannun shugabannin asibiti. Abin da aka nema kaɗai ake bayarwa, kwafi ba asali ba, a rubuta a rajista wa ya karɓa. Dattijo zai yi fushi ya ce shi ya biya kuɗin jinyar. Ka miƙe tsaye ka yi masa bayani da Hausa a hankali, ka nuna masa takardar da 'yarsa za ta sa wa hannu, yawanci a nan maganar ke mutuwa.

Littafin horo da makon ƙarshe

Tun ranar farko ka riƙa rubuta abin da ka yi kowace rana: fayil nawa ka buɗe, nawa ka bincika, nawa ka sa wa lamba, wane kuskure aka kama maka da yadda aka gyara. Ba suna, ba lambar fayil. Duk Alhamis ka kai wa mushrif ya sa hannu, kada ka tara sai ƙarshe lokacin da ya manta rabin abin da ka yi. In an bar ka a sashe ɗaya wata biyu saboda suna ƙarancin ma'aikata, ka je ofishin horo da jadawalinka ka nemi a juya ka.

Ana saura mako ka gama, ka nemi takardar kammalawa mai hatimi da kwanakin farawa da gamawa, domin za a buƙace ta wajen rajista, ka kuma roƙi wasiƙar shaida daga wanda ya ga aikinka da idonsa. Ka rubuta wa wanda zai gaje ka jerin fayilolin da ke jiran sa hannu da tambayoyin da likitoci ba su amsa ba tukuna. Ranar ƙarshe ka mayar da katin shiga da makullin arshif, ka tsaya a ofishin kwamfuta har sai an rufe sunan shigarka a gabanka.